Darasin Takardar Naira Biyar: Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a Majalisa

Ina so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai abin da ya same ni a wurin gwajin koyarwa, da abin da na ƙaru da shi daga baya. Ba don na fi kowa sani na ke wannan rubutu ba. Kunya na sha a gaban yara, ba na kuwa so waninku ya sha irinta.

An tura ni wata makaranta a Sheda, cikin ƙasar Kwali, bakin babbar hanyar da ta bi ta Gwagwalada zuwa Lokoja. Ga wanda bai san garin ba, nan ne ofishin hukumar da ke tsara manhajar makarantun Nijeriya ya ke, nan ne kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa. Saboda haka malamin da ya yi sakaci a Sheda, kamar wanda ya yi ɓarna ne a ƙofar gidan alkali.

Ran nan darasina a kan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ke. Na sha wuya kafin na sami takardar naira biyar, gama ta yi wuyar gani a kasuwa. Na ɗaga ta yara su ga hotonsa, kāna na cika allo da shekaru: an haife shi 1912, ya zama Firayim Minista 1957, ya rasu 1966. Ina cikin jin daɗin kaina sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, Babana ya ce 'yan majalisa ba abin da su ke yi sai karɓar albashi. Shi wannan me ya yi a majalisa har aka sa shi a jikin kuɗi?" Na buɗe baki, ban sami abin faɗi ba, sai na ce, "Mutumin kirki ne." Yaron ya zauna, amma na ga a fuskarsa bai gamsu ba.

Da aka tashi, malamin da ya zo duba ni ya kira ni gindin bishiya, ya ce, "Ɗana, shekaru ka koya musu, allo ma ya iya riƙe shekaru. Je ka karanto abin da mutumin nan ya tsaya a kai, sa'an nan ka dawo."

Akwai kuma wani abu da ban gaya masa ba, amma zan gaya muku. Ni a makarantar mishan na tashi, kakana kuwa har ya bar duniya ba ya shiri da jam'iyyar NPC. Ya kan ce jam'iyyar sarakai ce, ya kan ba mu labarin yadda a ke fid da mutanen ƙauye aikin hanya ba a tambayi ra'ayinsu ba. To, da wannan na shiga aji. Bakina yana yabon mutum, zuciyata tana zarginsa, ban kuwa bincika ko ɗaya ba. Ga abin da na samo da na zauna na yi karatun.

Asalinsa da karatunsa

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne, Malam Abubakar ba ɗan sarki ba ne. An haife shi a watan Disamba 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, cikin Lardin Bauci. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, bara ne a gidan hakimin Lere. Ya yi makarantar allo, ya yi elementare a garinsu, ya wuce Bauci, daga nan ya tafi Kwalejin Katsina a 1928, ya gama a 1933. Watau irin makarantarmu ya yi, ta horad da malamai. Ya komo makarantar Midil ta Bauci yana koyarwa har ya zama hedimasta. A 1934 aka buga littafinsa, Shaihu Umar. A 1945 ya tafi Jami'ar London, sashen koyon aikin malanta, ya yi shekara guda.

A wannan makaranta ta Bauci ya zauna tare da wani malami da ya girme wa, watau Malam Aminu Kano. Su biyu da Malam Sa'adu Zungur sun kan haɗu a wata ƙungiyar muhawara da aka kafa a Bauci, inda a ke tattauna yadda a ke mulkin ƙasa. Dukansu sun ga ciwon, amma sun bambanta wajen magani. Malam Aminu ya ga gidan ya ruɓe, sai a rushe a sake gini. Malam Abubakar ya ga a gyara shi ana zaune ciki. Irin ra'ayin nan na biyu shi a ke kira ra'ayin riƙau, waɗansu su ce na 'yan mazan jiya.

Shigarsa majalisa

A 1946 Gwamna Richards ya kawo sabon tsarin mulki, aka kafa Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna. Aka zaɓi Malam Abubakar ya wakilci Bauci. Daga cikin wannan majalisa aka ɗauki mutum biyar zuwa Majalisar Dokoki ta Nijeriya a 1947, yana cikinsu, tare da irin su Aliyu Makaman Bida. Majalisar Sarakuna ta aika da huɗu: Sarkin Gwandu, Sarkin Katsina, Atta na Igbirra, da Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Ku lura da na ƙarshen nan, gama ƙasar Kwali a lokacin tana ƙarƙashinsa, shi ma kuwa malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina. Shi ne aka sa wa Suleja sunansa bayan da aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon babban birni. Ashe labarin bai yi nisa da yaran Sheda ba.

Wannan shi ne karo na farko da wakilan Arewa suka zauna majalisa ɗaya da na Kudu. A jawabansa na farko Malam Abubakar ya faɗa a fili cewa haɗewar Nijeriya a kan takarda kaɗai ta ke, mutanenta ba su zama ɗaya ba tukuna. Maganar ta ɓata wa mutane da yawa rai. Ku riƙe ta, za mu komo kanta.

A watan Janairu 1950 aka yi babban taro a Ibadan domin sake tsarin mulki. Wakilan Arewa suka tsaya a kan lalle a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya, saboda yawan jama'arta. Haka kuwa aka yi a tsarin Macpherson na 1951: Arewa 68, Gabas 34, Yamma 34.

Shawarar watan Agusta 1950

Nan ne amsar tambayar yaron nan ta ke. Kafin ku gane nauyin abin da ya yi, sai ku san yadda En'e ta ke a wancan zamani. A manyan masarautu, doka ta mai da sarki shi kaɗai ne En'e. Haraji a hannunsa, alkalai a ƙarƙashinsa, 'yan doka da gidan yari nasa, naɗa hakimai da tuɓe su yana da babbar murya a ciki. 'Yan majalisarsa shawara kawai su ke bayarwa, in ya so ya ɗauka, in ya ƙi ba mai tilasta shi sai Razdan. Ko a zamanin Shehu Usmanu ba a ba mutum ɗaya irin wannan iko ba tare da shawara ba. Turawa ne suka ƙarfafa shi haka domin sauƙin mulkinsu.

A watan Agusta 1950 Malam Abubakar ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya kawo shawara, a naɗa kwamiti mai zaman kansa ya binciki tsarin En'e duka, ya faɗi yadda za a gyara shi. Ya yi magana a kan cin hanci, da yadda a ke danne talakawa, da yadda ba wanda ya san iyakar ikon sarki da na Bature. Ku tuna fa, shi kansa ma'aikacin En'e ne, abincinsa a hannun waɗanda ya ke magana a kansu ya ke. Yawancin waɗanda ke zaune tare da shi kuma ko ma'aikatan En'e ne ko Turawan Gwamnati. Aka yi muhawara, aka jefa ƙuri'a, shawarar ta wuce da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak.

Sarakuna da yawa suka ji zafi. Amma Gwamnati ta sa Turawa biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuta rahoto. A 1952 aka soke matsayin nan na sarki shi kaɗai, aka ce sarki ya yi mulki a cikin majalisarsa. A 1954 aka yi sabuwar Dokar En'e wadda ta buɗe hanyar kafa majalisun gundumomi da na garuruwa. Gyaran bai kai inda talakawa ke so ba, kakana shaida ne, amma ƙofar da aka buɗe ba ta sake rufuwa ba.

Wani abin lura, a cikin wannan wata ɗaya, ran 8 ga Agusta 1950, aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar Sawaba, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya. Su suna neman a kawad da tsarin daga waje, shi yana neman a gyara shi daga ciki. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai ra'ayin riƙau na gaskiya shi ne wanda ya ke faɗa wa mai kaya cewa kayansa sun karkace, domin ba ya so su zube.

Maganar mulkin kai

A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, ita ce NPC, mai alamar fartanya. Na yi mamaki da na ga shugabanta na farko, tun tana ƙungiyar zumunci, Dr. R. A. B. Dikko ne, likita ɗan Arewa na farko, wanda ya fito daga Wusasa. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya zama shugaban jam'iyyar daga baya, Malam Abubakar mataimakinsa. A 1952 Malam Abubakar ya zama Ministan Ayyuka a Ikko, watau Legas.

Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo shawara a Majalisar Wakilai cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya kawo gyara, a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya dace. Dalilin wakilan Arewa shi ne, ba su da isassun ma'aikata masu ilmin zamani, in Turawa suka tashi a lokacin, ofisoshin Arewa za su koma hannun waɗansu. Aka yi musu ihu a titunan Ikko. A watan Mayu rikici ya tashi a Kano, mutum 36 suka mutu bisa ƙidayar hukuma. Daga nan aka yarda kowace jiha ta riƙe al'amuranta, aka yi tsarin tarayya na 1954. Gabas da Yamma suka sami mulkin kansu a 1957, Arewa ran 15 ga Maris 1959, Nijeriya duka ran 1 ga Oktoba 1960.

Abin da ya gani a Amurka

A 1955, yana Ministan Sufuri, ya tafi Amurka ya duba yadda a ke tafiyad da jiragen ruwa a kogin Mississippi, da nufin a yi haka a Kwara da Binuwai. Abin da ya komo da shi ya fi labarin jirage. Ya ga mutane masu asali dabam-dabam sun haɗu sun zama al'umma ɗaya cikin shekarun da ba su kai 200 ba. Ya ce in su sun iya, mu ma za mu iya. Mutumin da ya ce a 1947 haɗewar Nijeriya a takarda ta ke, shi ne a 1957 ya zama Firayim Minista ya kafa gwamnati da ta haɗa NPC da NCNC da AG. A watan Yuli 1961 ya koma Amurka, ya gana da Shugaba Kennedy, ya yi jawabi a gaban Majalisar Wakilansu.

Da ya ke mun taɓo Amurka, bari in kawo muku takwaransa a can domin kwatanci. Robert Taft ɗan Majalisar Dattawa ne daga jihar Ohio, daga 1939 har rasuwarsa a 1953. A can kowace jiha tana aika dattawa biyu, kowanne na shekara shida. Taft shi ne jagoran masu ra'ayin riƙau na jam'iyyar Republican. Ya yi adawa da faɗaɗa ikon gwamnatin tsakiya, ya jagoranci dokar 1947 da ta rage ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago, ya ƙi yarda da ƙawancen NATO a 1949. Amma shi ɗin ne kuma ya sa hannu a dokar 1949 ta gina wa talakawa gidaje, har abokansa suka zarge shi. Sau uku ya nemi jam'iyyarsa ta tsai da shi takarar shugaban ƙasa, a 1940 da 1948 da 1952, bai samu ba.

Bambancinsu a fili ya ke. Taft ɗan tsohon shugaban ƙasa ne, Abubakar ɗan bara. Taft yana kare tsarin da jama'arsa suka rubuta da kansu, Abubakar yana kare tsarin sarauta da Turawa suka sake wa fasali. Amma sun yi kama a abu ɗaya: kowannensu ya taɓa tsayawa a majalisa ya faɗi abin da mutanensa ba su so su ji.

Inda ya gaza

Malami ba maroƙi ba ne, saboda haka dole mu faɗi wannan ma. Na farko, a zaɓen 1959, wanda aka yi a kan kujeru 312, Arewa tana da 174, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba. Haka kuma a 1964. Jam'iyyarsa ce ta tsaya a kan haka, matan Arewa ba su sami wannan hakki ba sai 1976. Na biyu, ƙananan kabilun Arewa da suka nemi jiharsu, irin mutanen Joseph Tarka, ba a saurare su ba, ƙasar Tibi ta yi tarzoma a 1960 da 1964. Na uku, a watan Mayu 1962 gwamnatinsa ta yi sauri ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, a 1963 aka ɗaure Cif Awolowo shekara goma. Amma bayan zaɓen Yamma na Oktoba 1965, da a ke ƙone gidaje ana kashe mutane, sai ya yi ta jira. Mutane suka ce ya yi gaggawa inda abokan hamayya ke mulki, ya yi sanyi inda abokan ƙawance ke mulki.

An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Gaskiya ne, amma ba a bin gobara da sannu. Halin da ya taimake shi a 1950 da 1953 shi ne ya cuce shi a 1965. A watan Janairu 1966 ya karɓi shugabannin ƙasashen Commonwealth a Ikko a kan maganar Rodeshiya. Kwana kaɗan bayan haka, ran 15 ga wata, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a bakin hanya a bayan gari, aka kai shi Bauci aka binne. Har abokan hamayyarsa sun shaida bai tara dukiya ba.

Yadda na sake darasin

Mako na gaba na koma ajin nan, ban rubuta shekara ko ɗaya a allo ba tukuna. Na mai da ajin majalisa. Na naɗa shugaban majalisa, na raba yara gida biyu. Shawarar da aka kawo ita ce: monita shi kaɗai ke rubuta sunayen masu surutu, shi ke raba shara, shin a bar shi haka, ko a cire shi, ko a ba shi mashawarta huɗu da ba zai yanke komai ba sai da su? Na ba kowane gefe minti goma. Ba a taɓa jin ajin nan da rai kamar ran nan ba, har monita ya nemi izini ya kare kansa.

Da aka zo jefa ƙuri'a na ce 'yan mata su zauna, maza kaɗai za su ɗaga hannu. Wata yarinya ta miƙe ta ce, "Malam, ai mu ma yana rubuta sunayenmu, don me ba za mu zaɓa ba?" Na ce ta riƙe tambayarta. Aka sake ƙuri'a da kowa da kowa, masu son a ba monita mashawarta suka yi rinjaye. Sa'an nan na fid da takardar naira biyar, na ba su labarin 1950 da na 1959, na rubuta shekarun. Yaron nan da ya tambaye ni ya ce, "Malam, ashe ya yi abu, amma bai gama ba." Na ce haka ne.

Ga tambayoyi huɗu da na ba su su amsa a gida, ko za su yi wa waninku amfani:

1. Mene ne ikon En'e kafin 1952, me kuma ya sake bayan haka?
2. Don me wakilan Arewa suka ƙi a sa shekarar 1956? Kana ganin suna da hujja?
3. Me Malam Abubakar ya gani a Amurka da ya sake masa ra'ayi? Sake ra'ayi rauni ne ko ƙarfi?
4. Tambayi wani tsoho ko tsohuwa a unguwarku abin da ya tuna game da Salama da Sawaba, ka rubuto.

Shawarata ga 'yan'uwana masu fita gwajin koyarwa uku ce. Kada ku shiga aji da sunan mutum sai kun san aƙalla abu ɗaya da ya tsaya a kai, da abin da tsayawar ta jawo masa. Kada ku ɓoye kuskurensa, gama yaran za su ji shi a gida, daga nan su daina yarda da ku. Ku kuma binciki abin da kuka gada daga gidajenku kafin ku zuba wa 'ya'yan mutane. A ajin nan na Sheda akwai Gbagyi, da Hausawa, da Ibo, da Tibi, da Yarabawa, kowannensu kakansa yana da nasa labarin wannan zamani. Ban ce kakana ya yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Amma da yana da rai, da na karanta masa labarin watan Agusta 1950, in ji abin da zai ce.